'Yan Zalla na Limawa

A kakar shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, ina aji biyu na firamare, aka yi sunan jaririyar maƙwabtanmu a Limawa, ranar wata Alhamis bayan la'asar. Tsakar gidan ya cika da mata har bakin rijiya, ana ta zuba waina da miyar taushe, mu yara muna raɓe a jikin rumbu muna jiran a miƙo mana ƙanzon tukunya. Can sai hayaniya ta lafa. Mata biyar suka zauna a tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, mahaifiyata, Inna, a tsakiyarsu. Inna ta ɗaga murya ta ba da waƙa, aka amsa mata, sai na ji wani sauti ya taso daga ƙasa, gum, gum-gum, gum, irin wanda tafin ƙafa ke riga kunne ji. Na tabbatar wa kaina ganga ce suka ɓoye. Na zagaya ta bayansu da rarrafe ina ɗaga gefen mayafansu ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba sai takalma da ƙullin goro. Ina isa kan ta ƙarshe, wata 'yar siririyar tsohuwa mai ƙanshin daddawa, sai ta kama wuyan hannuna ba tare da ta waiwayo ba, ta ɗora tafina a ƙirjinta. Ƙirjin yana rawa kamar bangon ɗakin injin niƙa. Bakinta kuwa kusan a rufe yake.

Ban daɗe da dawowa gidanmu ba a lokacin. Ni ce 'yar fari, don haka tun daga yaye kakata ta ɗauke ni zuwa Miga, sai da na shekara bakwai aka dawo da ni. Ban san mahaifiyata sosai ba, ita kuma kunyar 'yar fari ba ta barinta ta kama sunana ko ta zaunar da ni kusa da ita. "Ke" take ce mini, in tana magana da wasu kuma "yarinyar nan". Sauran mutanen unguwa 'Yar Miga suke kirana. Ban san Inna tana waƙa ba sai a wannan rana. A hanyar komawa gida na ji wata mata tana cewa taro ba ya cika a Limawa in babu 'Yan Zalla, na tambaye ta su waye haka, ta yi dariya ta ce, "'Yar gidan ce ba ta san tuwon gidansu ba." Sunan da ake kiran su Inna ke nan, saboda waƙarsu zalla ce: ba ganga, ba ƙwarya, ba shantu, ko tafi ba sa yi.

Kafin a gama yankan dawa na san su duka. Inna ce mai ba da waƙa, ita ce kuma mai tsara baitoci. Akwai tagwaye, Baba Hassana da Baba Usaina, waɗanda suka auri wa da ƙani suna zaune gida ɗaya a bayan masallaci. Su ne 'yan amshi, amma ba layi ɗaya suke bi ba, ta ɗaya tana ɗan bisa ta ɗaya, sai ka ji kamar igiya ce ake tufkawa. Akwai Yaya Rabi, ƙaramarsu, wadda mijinta ya rasu tana da ƙuruciya ta dawo gidan mahaifinta tana kitso da lalle. Muryarta siririya ce, tana hawa can sama ta tsaya tana lilo a kan ta kowa. Sai tsohuwar da ta kama hannuna, Goggo Tasalla, yayar mahaifina, mai dafa kalwa tana daddawa. In tana magana muryarta kamar ta kowace mace, ba ta ma cika magana ba. Sai an fara waƙa ne wannan abu yake fitowa daga ƙirjinta.

Ni yarinya ce mai tambaya, har kakata takan ce da tambaya noma ce da na cika rumbu. Abin da ya fi damuna shi ne me ya hana su kiɗa, alhali ko a Miga na ga mata suna kifa ƙwarya a ruwa suna bugawa. Baba Hassana ta ce mini ƙwarya tana da nauyin ɗauka. Yaya Rabi, tana yi mini kitso tana danna kaina ƙasa, ta ce in tambayi babana. Na kuwa tambaye shi wata rana ina kai masa fura a gonar dabino, sai ya maimaita mini abin da ya faɗa wa Inna tun tana amarya: "Murya Allah ne ya ba ki, ba zan hana ki ba. Ƙwarya ce ban yarda da ita ba." Amma amsar da ta fi zauna mini ta Goggo ce, wadda ta ba ni muna wanke kalwa a bakin rijiya. Ta ce waƙoƙin nan duk na turmi ne. Su biyar ɗin sun haɗu ne a wajen sussuka da surfe, in gida ɗaya zai yi biki sai su taru su yi lugude, taɓarya tana ba su kiɗa suna waƙa a kai. Da aka kafa injin niƙa a bakin hanya, daka ya ragu, sai waƙar ta rasa wurin taka ƙafa. Ranar da suka fara gwada ta a zaune kowa ta ji ba daɗi, kamar miya ba gishiri. Ita ce ta rufe baki ta soma kwaikwayon saukar taɓarya a turmi, don wasa. Ba wadda ta yi dariya. Tun daga nan ta zama turminsu.

A gidanmu suke haɗuwa, Litinin da Alhamis bayan la'asar, a gindin dalbejiyar da ke tsakar gida. Ba wadda take zuwa hannu rabbana: wannan da faifan da take saƙawa, waccan da waken da za ta tsince, Goggo da ƙoƙon gyaɗa tana ɓarewa. Ni kuwa aikina a wannan lokaci kiwon awaki ne. Da na dawo daga makaranta na ci abinci sai in kora su zuwa gindin duwatsun bayan gari, inda muke haɗuwa da sauran yara muna carafke da 'yan tsakuwa, muna tsinkar magarya, muna leƙen ƙadangaru masu jan kai. A ranakun haɗuwa nakan ƙirƙiro dalilin dawowa da wuri, in ɗaure awakin in zuba musu harawa, sannan in zauna a bayan turmi ina yi kamar ina tankaɗe. A nan na ga cewa abin da mutane ke ɗauka baiwa ce kawai, aiki ne. Baiti ɗaya sai su maimaita shi har inuwar dalbejiya ta kai bakin zaure. Inna takan sa su rufe ido. In wata ta ɗaga murya fiye da kima sai ta tsayar da waƙar ta ce, "Wadda take jin muryarta ita kaɗai ba ta shigo waƙar ba tukuna." Ban taɓa ganin ta yi wa kowa tsawa ba, amma ko Goggo da ta girme ta da nisa takan yi shiru in ta ɗaga yatsa.

Na shiga gwaje-gwaje ni kaɗai. Na tura kaina cikin randar da ba ruwa na yi gum, na ji ta amsa mini. Na gano wani lungu tsakanin manyan duwatsu biyu inda in ka yi magana take dawo maka, na riƙa ba da waƙar Inna dutse yana yi mini amshi, awaki suna kallona. Abin da na fi so shi ne muryar Yaya Rabi, amma duk lokacin da na yi ƙoƙarin hawa inda take hawa sai maƙogwarona ya shaƙe. Tawa muryar mai kauri ce tun ina ƙarama. A makaranta, in an buga ƙarfen tara muka fito muna gaɗa a gindin maina, da na ba da waƙa sai 'yan mata su fashe da dariya su ce wani ƙato ya shigo musu da'ira. Daga baya na daina bayarwa, na koma cikin masu tafi.

Shekarun nan Dutse tana ta buɗewa. Gonakin da muke kalar gyaɗa a cikinsu aka fara auna su ana kafa harsashi, ma'aikata suka yi ta tarewa da iyalansu daga ko'ina cikin jihar. Matansu suka ji 'Yan Zalla a sunan wata, suka kira su bikin wata, daga nan aka fara aiko mota daga garuruwansu. Su Inna suka je Ringim, suka je Haɗeja, suka je Miga har kakata ta aiko da saƙo cewa ashe surukarta shahararriya ce ba a gaya mata ba. Cikin gida kawai suke waƙa, a tsakanin mata, kuma da rana. Wannan sharaɗin mazajensu ne, su ma ba su taɓa neman ya canza ba. Kafin kowace tafiya Inna takan zaunar da wadda ta kawo goron gayyata ta yi mata tambayoyi kamar alƙali: wace ce kakar amarya, me gidan suke nomawa, wa ya yi rijiyar unguwar, wa ya rasu kwanan nan da bai kamata a ambace shi da wasa ba. Sai ta yini tana aiki leɓɓanta suna motsi. Mutanen Haɗeja ta sa musu kogi da kifi a waƙa, na Ringim ta sa musu tumatir da albasa da direbobinsu masu dogon zango. Ba ta zambo. Takan ce bakin da ya zagi wata a gidan biki, gobe shi za a hana ruwa.

Ina aji huɗu aka gayyace su gidan rediyo don wani shiri na mata. Sai da aka yi kwana uku ana shawara a zaure kafin mazan su yarda, da sharaɗin ba za a faɗi sunan kowa ba. Baba Usaina ce ta ba mu labarin yadda aka yi: an shigar da su wani ɗaki mai sanyi da katifu a bango, ma'aikacin ya duba bayansu ya ce ina masu ɗauko kayan kiɗan, Goggo ta nuna masa ƙirjinta. Ranar da aka sa shirin, da hantsi, Baba ya fito da rediyonsa ya ɗora a kan turmi, gidanmu ya cika har da matan da ba sa shiri da juna. Da muryar Inna ta fito sai ta tashi ta shige madafa, ta ce wai wuta za ta gyara, ba ta fito ba sai da aka gama. Ni kuwa na manna kunnena a jikin rediyon ina neman Goggo. Tana ciki, amma ƙarama, kamar an jiyo ta daga bayan katanga. An ba su kaset guda na shirin, Inna ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙasan adaka.

Shirin nan ne ya jawo baƙon da ya raba su. Wani saurayi ne daga Kano mai ɗakin ɗaukar waƙa, mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Ya zo da fiyano a cikin buhu da ƙaramin janareta, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, su Inna suka zauna daga ciki ta bakin ƙofa, mu yara muka cika taga. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ya danna wuri ɗaya sai ga kalangu, ya danna wani sai ga sarewa. Ya ce yana so ya yi musu kaset da za a sayar har ƙasashen maƙwabta. Ya roƙi su rera masa waƙar gero, wadda kowa ya san su da ita, mai cewa, "Gero ɗan rana, wanda ya sunkuya maka shi kake ɗagawa." Suka fara, ya bi su da yatsu, cikin ɗan lokaci ya kamo bugun Goggo daidai, ya sa na'urar tana yin sa ita kaɗai, da ƙarfi, ba gajiya, ba numfashi. Goggo ta ci gaba na ɗan baiti biyu, sannan ta yi shiru. Ba wanda ya lura sai ni da Inna.

Da aka tsaya ya yaba musu ƙwarai, sannan ya ce, ba da mugun nufi ba, "Hajiya Babba ma sai ta huta. Wannan zai ɗauke mata aikin, mutum huɗu sun isa mu tafi Kano." Goggo ta gyara mayafinta ta ce gaskiya ya faɗa, ita ma ta ji, abin ya fi ta ƙarfi. Inna ta bari baƙon ya sha ruwa. Sannan ta ce masa, ta bayan labule, "Mun gode da karamci, ɗana. Amma mu biyar muka tashi daga turmi ɗaya. Abin nan naka ya iya bugu, sai dai ba ya jira na in numfashina ya yanke. Ita tana jira." Bayan ya tafi aka yi maganar da ban taɓa jin irinta a gindin dalbejiya ba. Yaya Rabi ta ce su duk suna da mazaje da gonaki, ita ba ta da komai sai wannan murya da 'ya'ya biyu, kuma ba za ta tsufa tana kitso ba don ana jin kunyar a faɗa wa tsohuwa gaskiya. Goggo da kanta ta ce a bar ta ta tafi, ba laifi ba ne mutum ya bi inda abincinsa yake. Bayan sallar layya Yaya Rabi ta koma gidan yayanta a Kano. Ba ta zo sallama ba, sai ta aiko mini da ragowar lallenta a gwangwani.

An riga an karɓi goron wani biki a Ringim, saura mako uku, kuma Inna ba ta saɓa alkawari. A haɗuwar farko bayan tafiyar sai waƙar ta zama kamar ɗaki ba jinka. Baba Hassana ce ta ce ai tana jin 'Yar Miga tana bin waƙoƙin nan a bayan turmi, a gwada ta mana. Ina da shekara goma. Inna ta dube ni, karo na farko da na ga ta dube ni sosai a gaban mutane, ta ce, "Ke, zo nan." Na zauna a gurbin Yaya Rabi. Na san kowace kalma, na san inda ake shiga da inda ake fita, amma da aka zo wurin hawa sai muryata ta karye, wani sauti ya fito kamar na ɗan maraƙi. Aka sake, ta sake karyewa. A na uku Inna ta ɗaga yatsa ta ce, a hankali, "Bar shi. Je ki duba awakinki." Na tafi garken na rungume wata jar akuya na yi kuka har ta gaji da ni ta ƙwace.

Washegari Goggo ta aiko a ce in zo in taya ta hura wutar kalwa. Ta bar ni na gama haɗa itace, sannan ta ce in sake yin wannan kukan maraƙin na jiya. Na ɗauka ba'a take yi. Ta ce, "Suna neman ki a kan reshe, ke kuwa a saiwa kike. Rufe bakinki, ki saki cikinki." Ta nuna mini yadda ake ajiye harshe, yadda ake barin iska ta fito ta hanci, yadda ake satar numfashi a tsakanin bugu biyu ba tare da an ji ba. Sai a ranar ta gaya mini abin da ko Inna ba ta sani ba: hayaƙin shekara da shekaru ya taɓa mata ƙirji, in waƙa ta yi tsawo sai ta ji kamar an ɗaure ta da igiya, shi ya sa ba ta yi musu da yaron Kano ba. Kullum in na kora awaki sai in biya ta gidanta. Ta sa ni daka a turminta ina bin taɓarya da ƙirjina, sannan ta karɓe taɓaryar ta ce in ci gaba ba ita. A can gidanmu kuma Baba Usaina ta karɓi layin Yaya Rabi, ba ta kai ta sama ba amma ta rufe gurbin. Ana saura kwana biyu Goggo ta ce wa Inna za ta tafi da ni in riƙe mata buta. Inna ta ce to.

Gidan bikin na Ringim babba ne, na wasu masu motocin haya, mata sun fi ƙarfin tsakar gida har an hau matakala. Goggo ta zaunar da ni a jikinta ta yafa mana mayafi ɗaya, kamar jikar da ke jin kunyar baƙi. Waƙa ta farko da ta biyu ita ta yi su. A ta uku, waƙar amarya mai tsawo wadda Inna ta jero kakanni a cikinta, na ji kafaɗarta ta fara ɗagawa da sauri. Ta matsa gwiwata da yatsa. Na rufe baki na shiga. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na dai san ina jin muryar Inna tana taka bayana tana wucewa, in ta tsaya shan iska in jira ta, in ta dawo in tarye ta. Ban ji kaina ba ko kaɗan. Da Goggo ta huta ta sake matsa gwiwata, na fita ta shiga. Haka muka yi har aka tashi. Uwar amarya ta zo ta riƙe hannun Goggo tana cewa tsufa bai taɓa wannan ƙirji ba, ta ba ni alewa ta ce in riƙa kula da kakata.

A mota na kasa haƙuri na ce wa Goggo ba wanda ya san na yi. Ta ce, "Shi ne kin iya. Ranar da aka ji ki, kin ɓata." Inna tana gaba kusa da taga, ba ta waiwayo ba, na ɗauka ita ma ba ta sani ba. Sai da muka wuce gonakin rani muka hau babban titi, ta ce wa Goggo, idonta a waje, "Yaya, yarinyar nan taki tana saurin shiga a baiti na biyu. Ki gaya mata ta ƙara jira kaɗan." Goggo ta murɗe mini kunne a ƙarƙashin mayafi. Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan gyara daɗi ba.

Shekara biyu na yi ina zama a ƙarƙashin mayafin nan, sannu a hankali rabona yana ƙaruwa nata yana raguwa. Sai na ci jarrabawa aka tura ni makarantar kwana ta 'yan mata, ya zama sai da hutu. Kowane hutu kuma sai in tarar goron gayyata ya ragu. Masu manyan lasifikoki sun shigo gari, 'yan mata suna son abin da za su taka rawa da shi, kuma a cikin waƙoƙin da ake sawa har da muryar Yaya Rabi, tana lilo a kan fiyano, kyakkyawa kamar da. Inna takan tsaya da aikinta ta saurara in an sa a maƙwabta, ba ta taɓa kushe ta ba. Tsofaffi ne suka ci gaba da kiran 'Yan Zalla, su ma sai da safe kafin a kunna janareta. Daga baya aka yi wa mijin Baba Hassana canjin wurin aiki zuwa Haɗeja, tagwaye suka rabu a karon farko a rayuwarsu. Ba a taɓa zama an ce an daina ba. Wata Litinin ce dai ta zo ba wadda ta shigo da faifanta.

Goggo ta rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta, da damina. Yaya Rabi ta zo gaisuwa daga Kano, ta yi ƙiba, ta sa haƙorin Makka. Ta durƙusa a gaban Inna, Inna ta kama hannunta ta zaunar da ita a kan tabarmarta, ta tambaye ta yara. A ranar ne Yaya Rabi ta gaya mini cewa a ɗakin ɗaukar waƙa ita kaɗai ake rufewa da abin ji a kunne, ta shekara takwas tana waƙa ba ta ji gwiwar kowa a jikin tata ba. Ta ce ba ta yi nadama ba, ta aurar da 'yarta ta gina ɗaki, amma ta so a ce ta zo sallama. Kafin ta koma ta roƙi Inna ta ara mata kaset ɗin rediyo ta kai a juya. Aka buɗe adaka aka warware ƙyallen, aka tarar zafi da damshin shekaru sun manne zaren ya zama dunƙule.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a nan Dutse, inda gonar dabinon Baba take an yi shaguna. Inna ta rasu, Baba Hassana ma haka. Baba Usaina tana nan amma ba ta ji sosai. 'Ya'yana kowace da wayarta, duk waƙar da suke so a duniya sai su taɓa ta fito, kuma ba na ganin laifinsu. Kwanakin baya ƙaramarsu ta ji wata tsohuwa a gidan suna tana cewa ni jinin 'Yan Zalla ce, ta dawo ta matsa mini sai na rera mata yadda suke yi, ta kunna wayarta za ta ɗauka. Na rufe baki na yi mata abin da aka koya mini, daidai, ban kuskure bugu ɗaya ba. A cikin kaina ina jin su duka, Inna tana bayarwa, tagwaye suna tufka, Yaya Rabi a can sama. Yarinyar ta jira har na gama, sannan ta ce, "Umma, to yaushe za a fara waƙar?" Na ce mata an gama. Abin da baki biyar suka ɗauka, baki ɗaya ba ya iya ajiye shi.